Yadda zaka auna daidai da kuskure idan wanda abin zai shafa yana wata ƙasa

Juya kwalar rigar da ke jikinka ka duba ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkawa a ciki, galibi zaka ga sunan wata ƙasa da baka taɓa zuwa ba kuma ƙila har abada ba zaka je ba, Bangladesh ko Biyetnam ko Sin ko Turkiyya. Wayar hannunka ma haka, batirinta akwai sinadarin kobalt a ciki, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, inda wani ɓangarensa mutane ne ke tonowa da hannu a ramuka, har da yara. Da can in ka cuci mutum kana kallon idonsa, gobe kuma zaku haɗu a hanya. Yanzu cutar yanka ta ake ƙanana-ƙanana a raba wa mutum dubu, kowa ya ɗauki ɗan guntun da bai kai ya hana shi barci ba.

To abin da zan nuna shi ne yadda mutum zai zauna ya auna irin wannan lamari da kansa, da kayan aikin da masana falsafar ɗabi'a suka bari. Kuma bari in faɗi matsayata tun yanzu, waɗannan ra'ayoyi ba kulob ɗin ƙwallo ba ne da zaka zaɓi ɗaya ka riƙa kare shi ko an ci shi biyar da nema. Ni a wajena tambayoyi ne, kowacce akwai irin ƙaryar da take kamawa wadda sauran ke bari ta wuce, kuma yawanci ƙaryar da mutum ke yi wa kansa ce ake kamowa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshe. Ka ƙaddara kai ne mai sayo kaya a wani kamfani, an ce ka yi odar rigunan ma'aikata masu yawa. Masana'antu biyu daga ƙasar waje sun turo farashi, ɗaya ta fi araha nesa ba kusa ba kuma ta ce sati uku ta kawo kaya, sai dai a rahoton wanda aka tura dubawa akwai wasu layuka biyu can ƙasan shafi na tara, wai ƙofar da za a bi a gudu in gobara ta tashi a garƙame take da kwaɗo, sannan wasu masu ɗinkin da alama shekarunsu ba su kai ba. Oga yana jiran amsa yau, kai kuma kana sa ran ƙarin girma a ƙarshen shekara.

Kafin ka ɗauko wani masanin falsafa irin su Kant ko Aristotal, fara da aikin da ya fi gundura, wato ka tabbatar da abin da ke faruwa sannan ka ɗauki biro ka jera duk wanda lamarin zai taɓa. A takarda fa, kar ka ce zaka riƙe a ka, don ƙwaƙwalwa wayo gare ta, wanda ba ta son tunawa da shi sai ta ajiye shi bayan ƙofa. Kai, oganka, masu hannun jari, mai masana'antar, masu ɗinkin, iyayen yaran nan da ke jiran albashinsu, har da ɗaya masana'antar da ta kashe kuɗi ta gyara gininta shi ya sa kayanta suka yi tsada. Wannan ta ƙarshen kusan kullum mantawa ake da ita, alhali duk sanda aka ba mai arahar oda ita ake hukuntawa don ta yi abin kirki.

Kuma kar ka raina layuka biyun nan. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga tsagewa a jikin wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza a Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangladesh. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma masu ɗinkin da ke sama aka ce su dawo aiki washegari, wasu har da barazanar riƙe albashi. Da safiyar 24 ga wata ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka ji rauni, kuma a cikin ɓaraguzai aka riƙa tsinto tambarin manyan kamfanonin tufafi na Turai da Arewacin Amurka. Mutane da yawa sun san da tsagewar kwana guda kafin nan, kowa dai ya ɗauka ba nasa ba ne ya hana.

Da ka gama jerin, tambayar farko ita ce in na yi kaza me zai biyo baya, kuma a kan wa zai faɗa? Wannan ita ce hanyar Jeremy Bentham, Baturen Ingila da ya fitar da ita a rubuce a 1789, sai John Stuart Mill ya zo ya yi mata kwaskwarima a 1861. A taƙaice cewa suke aiki mai kyau shi ne wanda ya fi kawo jin daɗi ya rage wahala ga waɗanda ya shafa, kuma kowa kai ɗaya ne a lissafin, ɗan sarki da ɗan talaka, na kusa da na nesa, Bentham har dabbobi ya sa tunda su ma suna jin zafi. Babban amfaninta shi ne tana hana ka yin abin da zai wanke maka zuciya alhali yana ƙara wa wasu wahala. Misali a farkon shekarun 1990 wani sanatan Amurka mai suna Tom Harkin ya gabatar da ƙudurin hana shigo da kayan da yara suka yi, ƙudurin ma bai zama doka ba, tsoronsa kawai ya sa masana'antun tufafi a Bangladesh suka sallami yaran da aka ƙiyasta sun kai 50,000, da UNICEF ta bi sawu sai ta tarar da yawansu ba makaranta suka nufa ba, sun koma ayyukan da suka fi ɗinki haɗari da ƙarancin kuɗi irin su fasa dutse. Sai a 1995 aka yi yarjejeniya tsakanin ƙungiyar masu masana'antun da UNICEF da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aka koma cire yaran ana sa su makaranta da ɗan alawus. Kenan a misalinmu, ka soke oda ka kakkaɓe hannu ka ce ba ruwanka ba lallai ne ya amfani yarinyar da ke kan keken ɗinkin ba, kwaɗon kuma yana nan inda yake.

Inda ake zamewa a nan shi ne wuƙa da nama duk suna hannunka, kai ne mai lissafin kuma kai ne mai cin riba, kuma abin mamaki kullum lissafin sai ya faɗo daidai inda kake so. Zaka ji kanka kana cewa ai gobara ba kullum take tashi ba, ai in ban saya ba wani zai saya. Dabarar da ke aiki ita ce ka miƙa takardar ga wanda ba shi da ko sisi a ciki ya sake lissafawa, ko kuma ka cire ƙarin girman nan naka daga ciki ka ga ko amsar zata tsaya. Matsala ta biyu ta fi girma, lissafi zalla zai iya halatta a danne mutum goma don dubu su ji daɗi, shi ya sa ba a tsayawa a nan.

Sai ka wuce wajen Immanuel Kant, Bajamushen nan na birnin Königsberg da ya rayu daga 1724 zuwa 1804. Shi ba ruwansa da me zai biyo baya, cewa yake akwai abin da wajibi ne akwai abin da ba a yi, ko da riba ko babu. A 1785 ya kawo gwaji guda biyu da zaka iya yi a zaune. Na farko ka rubuta ƙa'idar da kake shirin bi a jimla ɗaya ba tare da ka yi mata kwalliya ba, kamar haka: duk wanda ya ga rahoton haɗari zai iya ɗauke kai in hakan zai rage masa kashe kuɗi. Yanzu ka tambayi kanka ko ka yarda kowa a duniya ya bi ta, har da wanda ke duba injin jirgin da zaka hau da wanda ke gwada maganin da ɗanka zai sha. In kowa ya bi ta ai rahoton ma ya tashi daga aiki, ya zama takardar banza, kuma kai kanka dogaro kake da cewa sauran mutane ba irin abin da kake shirin yi suke yi ba.

Gwaji na biyu ya fi shiga raina, wato kar ka ɗauki mutum a matsayin kayan aiki kawai. Ka lura da kalmar kawai ɗin nan, don ba laifi ba ne ka ɗauki tela aiki ka biya shi, ya san abin da ya shiga kuma ya yarda. Amma ranar da ka kulle ƙofa da shi a ciki don kar ya fita kafin a gama oda, to ka mayar da shi ɗaya da keken da yake takawa. Hanyar ganewa ita ce, in da wannan mutumin ya san duk abin da na sani, zai yarda? Wannan tambayar tana aiki sosai a harkar intanet. A 2018 aka fallasa cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da za su kai miliyan 87, alhali 'yan ɗaruruwan dubbai ne kawai suka buɗe manhajar da aka yi amfani da ita, sauran duk ta hanyar abokansu aka kwashe nasu ba tare da an ce musu ko uffan ba. Ko da ba a nuna maka wanda ya yi asarar kwabo ba, ka san an yi ba daidai ba, kuma Kant ne ke gaya maka dalili.

Shi ma dai yana da nasa taurin kan. A 1797 ya rubuta cewa ko mai neman kashe abokinka ne ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaye ka ko yana ciki, bai halatta ka yi masa ƙarya ba. Gaskiya a nan ni mun raba gari da shi, kuma ina jin mafi yawan mutane ma haka.

Wataƙila ka taɓa jin labarin taragon da birki ya tsinke masa, wanda masaniyar falsafa Philippa Foot ta kawo a 1967, ko a bar shi ya take mutum biyar ko a karkatar da shi ya take ɗaya, daga baya Judith Thomson ta ƙara cewa to in turo wani zaka yi daga kan gada ya tare taragon fa? Akasari mutane sukan yarda da karkatarwa su ƙi turawa alhali lissafin ɗaya ne, abin da ke nuna Bentham da Kant duk suna zaune a kan kowannenmu. Ya isa haka, kar ka ɓata dare a kansa, a rayuwa da wuya ka samu layin dogo biyu kacal, kusan kullum akwai hanya ta uku da lalaci ya hana a nema.

Tambaya ta gaba ba a kan aikin take ba, a kanka take, in na yi wannan wane irin mutum nake zama? Aristotal na Girka, wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce halin kirki da maimaici ake samunsa kamar yadda magini ke zama magini da yin gini, kuma yana zaune ne tsakanin gefe biyu, jarumta tsakanin ragwanta da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. Malaman Musulunci irin su Ibn Miskawaihi da ya rasu a 1030 da Imam Gazali da ya rasu a 1111 sun yi aiki sosai da wannan wajen maganar gyaran hali da tarbiyyar zuciya. Muna cewa hali zanen dutse, to amma shi zanen ai ba a rana ɗaya aka yi shi ba, ƙwanƙwasa bayan ƙwanƙwasa ne. Ɗauke kai na farko daga shafi na tara shi ne mai wuya, na biyar ko tsayawa karantawa ba zaka yi ba. Gwajin da nake yi shi ne in kawo a raina wani dattijo da nake jin kunyarsa, in ga ko zan iya ba shi labarin abin da na yi daga farko har ƙarshe ba tare da na tsallake wani wuri ba, wurin da na ji ina son tsallakewa nan matsalar take. Kuma tsakiyar nan ta Aristotal ta shafe ka, yin shiru ragwanta ne, ka ajiye aiki a ranar ka hau soshiyal midiya kana tona asiri kafin ka yi wa kowa magana kuma ganganci ne.

In lamarin ya wuce kai kaɗai ya zama maganar tsari, wato wa zai biya wa zai ci, to ka ari dabarar John Rawls, Ba'amurken da ya fito da ita a 1971. Ya ce ka ƙaddara an sa maka labule, zaka tsara dokar da kowa zai bi amma baka san a wane matsayi zaka farka ba, mai kamfani ko mai ɗinki, mai lafiya ko majinyaci. Shi kansa a kan cikin ƙasa ɗaya ya fi gina ta, wasu ne bayansa suka miƙa ta tsakanin ƙasashe, kuma a can ne take cizo. Ɗauki sauyin yanayi, nahiyar Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba amma fari da ambaliya ba su tambayi wa ya hura wutar ba, wanda ke bayan labule ba zai taɓa sa hannu kan tsarin da wani ke ƙona kwal wani ke kwashe ruwa daga ɗaki ba tare da diyya ba, irin wannan hujjar ce ta sa aka amince da kafa asusun biyan asara a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar na 2022. Haka rigimar maganin cutar ƙanjamau, kamfanonin magani 39 suka maka gwamnatin Afirka ta Kudu a kotu kan dokar da zata ba da damar samo magani mai araha, sai da duniya ta yi musu ca suka janye a Afrilun 2001.

Yanzu ga uzurin da zaka fi ji a ofis, wai ai su can haka suke yi, al'adarsu ce, mu su wa da zamu koya musu. Akwai ɗan gaskiya a ciki. Herodotus, masanin tarihin Girka, ya ba da labarin Sarki Dariyus na Farisa da ya kira Girkawa masu ƙona gawar iyayensu ya ce nawa zai ba su su ci gawar, suka ce ba kuɗin da zai sa, sai ya kira wata ƙabila daga Indiya da ke cin gawar iyayenta ya ce nawa zai ba su su ƙona, suka hau salati irin nasu suna cewa ya daina wannan mugun zance. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka ka sassauta wajen yanke wa mutane hukunci kan sutura da gaisuwa da makamantansu. Amma ka duba da kyau, duka ɓangarorin biyu girmama iyaye suke, salon ne ya bambanta. Konfushiyas a ƙasar Sin ya ce abin da baka so a yi maka kar ka yi wa wani, a hadisi kuma an ce imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Ranar 10 ga Disamba 1948 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'a kan sanarwar haƙƙin ɗan Adam, ƙasashe 48 suka amince, 8 suka ƙaurace, babu wadda ta ce a'a. To in aka ce maka al'ada ce, tambayi bakin wa maganar ta fito, na mai riƙe da makulli ko na wadda aka kulle. Ban taɓa jin al'ummar da ke ɗaukar ƙonewa a ɗakin da aka garƙame a matsayin gadon kakanni ba.

Saura tambayar da ke sa mutane su gaji su watsar da komai, wato to ina iyakar nawa alhakin, ni kaɗai zan gyara duniya? Peter Singer ɗan Ostireliya ya kawo misali a 1972, in ka ga yaro yana nutsewa a kududdufi zaka shiga ka ciro shi ko da kayanka za su ɓaci, to me ya sa nisa zai canja hukuncin? Hujjar tana da ƙarfi, amma in ka bi ta har ƙurya ba zaka iya saya wa ɗanka takalmi ba sai da jin laifi, shi ya sa masu ra'ayin kulawa irin su Carol Gilligan suka tuna mana cewa haƙƙin waɗanda suka rataya a wuyanka shi ma ɗabi'a ne. Yadda nake warware wa kaina shi ne in raba gida biyu, cutar da ke bi ta hannuna da taimakon da zan iya kaiwa. Na biyun gwargwadon hali ne. Na farkon kuwa ba ya jiran hali, kuma nauyinsa yana ƙaruwa da yawan ikon da kake da shi da yawan ribar da kake ci. Mai sayen riga ɗaya nasa ɗan kaɗan ne, kai da sa hannunka ke motsa odar gaba ɗaya kuma ka karanta rahoton, in ka yi shiru sunanka ɓarawon zaune.

In amsoshin suka ci karo, kuma za su ci, akwai tsarin fifiko da malaman usulu suka daɗe da shi wanda ko ba Musulmi ba zai iya aiki da shi. Gazali ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, addini, rai, hankali, zuriya da dukiya, kuma rai yana gaba da dukiya, sannan akwai ƙa'idar cewa kore ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani, in kuma cuta biyu suka tare ka ba makawa sai ka ɗauki mai sauƙin. Da wannan kaga kwaɗon nan ba abin da za a ɗora a sikeli ɗaya da rangwamen farashi ba ne, shi ake fara cirewa tukuna a zo maganar kuɗi.

To sai ka koma kan kwamfutarka ka rubuta wa oga, a rubuce fa ba a baki a bakin ƙofa ba, ka liƙa masa shafi na tara ka ja layi a ƙarƙashin wurin. Kar ka kai masa matsala tsirara, kai masa hanya ta uku: a ba masana'antar odar bisa sharaɗin a cire kwaɗon a turo hoto, a sake aika mai dubawa ba tare da an sanar da ranar ba, a tantance shekarun masu ɗinkin kuma wanda bai kai ba a san inda za shi kafin a sallame shi, sannan ku ma ku ƙara wa'adin daga sati uku zuwa shida, don sau da yawa matsin lokacin da mai saye ke yi shi ne ke sa a kulle mutane su kwana suna ɗinki. Ba sabon abu kake ƙirƙira ba, bayan Rana Plaza a watan Mayun 2013 aka ƙulla yarjejeniyar kariya daga gobara da lafiyar gini a Bangladesh wadda kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu, aka duba masana'antu fiye da 1,600 a ƙarƙashinta. In masana'antar ta ƙi sharaɗin ka ba da shawarar a koma wa mai tsadar. In kuma oga ne ya ƙi, ka ce masa cikin ladabi, yallaɓai wannan takardar ba zan iya sa mata hannu ba sai dai kai ka sa, ka ajiye kwafin saƙonka da kwanan wata, sannan ka duba ko kamfanin yana da sashen bin ƙa'ida ko lauyan da ake kai wa irin wannan.